Idan Waya Ta Mutu a Tsakiyar Ruwa, Wa Zai Nuna Maka Gabas?

'Yan uwana matasa, musamman na bakin ruwa, tun daga Shanga, Yelwa har Wara ta ƙasar Ngaski, yau ina da tambaya gare ku. Cikinmu mutum nawa ne zai iya nuna arewa da dare ba tare da ya laluba aljihu ba?

Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, kogin da kakanninmu suka sani ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130. A hunturun bara mun taso daga wata kasuwar bakin ruwa bayan Magariba, injin jirgi ya yi mana gardama, kafin a shawo kansa iska ta juya mu, ga duhu. Mu samari kowa ya zaro waya, wannan ba caji, wancan taswirarsa ta ƙi buɗewa. Sai wani dattijo Basarke ya ɗaga kai sama, ya ce wa mai tuƙi, "Yaro, sa taurari ukun can a gabanka." Wallahi haka muka sauka lafiya, kunya ta ishe mu.

Ba cewa nake a jefar da waya ba, domin GPS abu ne mai amfani. Amma ya kamata mu san mene ne shi. Taurarin ɗan adam ne kimanin 30 mallakar sojan Amurka, suna shawagi a nisan kilomita 20,200, kuma sai wayarka ta ji saƙon huɗu daga cikinsu kafin ta san inda kake. Saƙon nan rarrauna ne, ana iya toshe shi, ana iya yi masa jabu. Na Turai da ake kira Galileo ya tsaya kusan mako guda a Yulin 2019. Nan kusa kuma, a Satumban 2021 an rufe layukan waya a Zamfara, wanda duk ya dogara da intanet ya zauna zugum. Su kansu masu abin ba su sakankance ba, shi ya sa makarantar sojan ruwan Amurka da ke Anapolis ta dawo da koyar da tuƙi da taurari a 2015, bayan ta yi shekaru da ajiye shi. To, in mai doki ya tanadi takalmi, ina ga wanda aka ɗauka a baya?

Wani zai ce ai duban taurari bokanci ne. A'a, ɗan uwa. Abin da aka hana shi ne neman sanin gaibu da su. Amma gane hanya da su, Suratun Nahli aya ta 16 ta ambace shi cikin ni'imomin Allah.

Kuma abin ba wuya. Taurari ukun nan da ke jere, waɗanda ake gani da daddare a hunturu, daidai gabas suke fitowa, daidai yamma suke faɗuwa. Tauraron arewa kuwa ba ya gusawa. A Yauri yana sama da inda sama ta haɗu da ruwa da digiri 11, wato kamar dunƙulen hannu ɗaya idan ka miƙe hannunka. Da yake tafkin daga arewa zuwa kudu ya miƙe, in ka sa shi a gaba ka nufi Yelwa, in ka ba shi baya ka nufi madatsa. Sai dai hazo da hadari sukan ɓoye shi, don haka a san fiye da alama ɗaya. Ga kuma agogo kyauta: sama na juyawa digiri 15 kowace awa, kuma kowane tauraro na riga fitowarsa ta jiya da minti 4.

Alƙibla ma haka. Daga Yauri tana karkata daga gabas zuwa arewa da kimanin digiri 22, dunƙule biyu kenan. Ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe, da 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27, rana na tsayawa daidai saman Ka'aba. Wanda ya fuskanci rana a lokacin ya fuskanci alƙibla. A kafa sanda, a ja layi, a gwada masallatanmu da shi. Sandar nan dai ita ce ke nuna zawali da shigar La'asar ta inuwarta, kamar yadda muka karanta a littattafan fiƙihu amma ba mu taɓa gwadawa ba.

Shawarata ita ce kowace Islamiyya ta ware dare ɗaya a wata, a fita bakin ruwa da ɗalibai, a gayyato dattawan Sarkawa da Gungawa su nuna, mu kuma mu rubuta sunayen da suke kira da lokutan fitowa. Dattawan nan tafiya suke yi ɗaya bayan ɗaya, kowane da nasa sanin. Allah Ya ba mu ikon amfana da su tun suna raye.

Wassalam.