Magatakarda Da Tafinta: Darasi Daga Daular Usmaniyya Biyu

Mai karatu, idan aka ce Daular Usmaniyya a ƙasar Hausa, dole ka tsaya ka tambayi mai maganar wacce yake nufi, domin kuwa guda biyu ne. Akwai tamu ta Shehu Usmanu Ɗanfodiyo mai cibiya a Sakkwato, akwai kuma ta Turkawa wadda ta haura shekara 600 tana mulki kafin a naɗe tabarmarta a 1922. Ita wannan ta biyun a 'yan shekarun nan ta shigo mana har cikin ɗaka ta hanyar finafinan da ake fassarawa da Hausa, irin su Ertugrul, ta yadda ko teburin mai shayi ka zauna a Kawo ko Unguwar Dosa za ka ji matasa suna jero sunayen barade kamar 'yan gidansu. Sai dai duk abin da ake nuna mana bai wuce doki da takobi da kirari ba. Mutumin da ke zaune a lungu da tawada da alƙalami yana kwafar wasiƙa babu wanda ya kula shi, alhali kuwa a nawa ganin shi ya fi cancanta mu tsaya mu duba, saboda rashin irinsa ya taɓa cin mu, kuma har yau bai daina ba.

Bari in fara da labarin da ya shafe mu kai tsaye. Turkawa sun kama Turabulus a 1551, daga baya suka kutsa ƙasar Fazzan, wato suka zauna daram a kan hanyar da fatake da alhazan Barno suke bi. Ganin haka sai Mai Idris Aloma ya tashi jakada mai suna Alhaji Yusuf zuwa Istanbul, yana neman a tabbatar da tsaron hanya ga mutanensa, a kuma mayar masa da wani sansani da aka karɓe a Fazzan. A shekarar 1577 Sultan Murad na III ya ba da amsa. Maganar hanya ya amince, har ya aika wa gwamnoninsa umarni a kai, amma maganar sansani ya ce a'a cikin ladabi. Bayan 'yan shekaru Mai Idris ya juya akalar jakadunsa zuwa Maroko.

To, yaya aka yi muka san wannan? Birnin Gazargamu inda aka kai wasiƙar ya zama kufai tun farkon ƙarni na 19, yana can cikin jihar Yobe ta yau. A Istanbul masu bincike suka samo ta, har wani masani mai suna B. G. Martin ya buga nazari a kanta a 1972. Dalili kuwa shi ne, a fadar Turkawa muhimmiyar takarda ba ta fita sai wani magatakarda ya kwafe ta a cikin kundi da kwanan watanta. Kundin suna ce masa Muhimme Defteri, wato kundin muhimman al'amura, kuma kalmar nan tamu ta daftari tushensu ɗaya da wannan. Wani bawan Allah ya yi aikinsa na yau da kullum, ya ɗauki albashinsa ya tafi gida, ga shi bayan shekara 400 da ɗoriya ta dalilinsa muke jin abin da ya gudana tsakanin Barno da Istanbul.

Shugaban waɗannan magatakarda shi ake kira Ra'isul Kuttab, yana ƙarƙashin Babban Waziri. A lokacin da daular take ji da ƙarfi ba wani babban muƙami ba ne, domin kuwa Sultan bai ɗauki sarakunan Turai a matsayin tsaransa ba. Su ne suke turo jakadu su zauna a Istanbul, shi kuwa sai in buƙata ta taso yake tura manzo ya je ya dawo. Da al'amura suka juya, rundunarsu ta sha kashi a ƙofar Biyana a 1683, aka shafe shekaru ana ba su wuya, sai ya zama dole a zauna a teburi. A sulhun Karlowitz na 1699 wanda ya wakilci daular shi ne Ra'isul Kuttab na lokacin, Rami Mehmed, wanda daga baya ya zama Babban Waziri. Tun daga nan mai riƙe da kundi ya zama mai riƙe da hulɗa da ƙasashen waje, tunda shi ya san abin da aka rubuta jiya da shekaranjiya.

Amma fa da sauran rina a kaba. Manyan Turkawa sun iya Larabci da Farisanci, amma harsunan Turai ba su ɗauke su abin koyo ba. Saboda haka sama da shekara 150 aikin babban tafintan fada yana hannun wasu gidajen Girkawa na unguwar Fener da ke cikin Istanbul. Duk abin da jakadan Rasha ko na Faransa ya faɗa, ta bakinsu Waziri zai ji shi. Ita kuwa yarjejeniya kalma ɗaya takan jawo yaƙi. Alal misali, wadda suka ƙulla da Rasha a 1774 da harshe uku aka rubuta ta, Turkanci da Rashanci da Italiyanci, daga baya Rasha ta faɗaɗa ma'anar wasu sassanta ta ce an ba ta ikon kare Kiristocin Otodoks na cikin daular baki ɗaya, wannan da'awa tana cikin abin da ya haddasa yaƙin Kirimiya a 1853.

A hankali suka farga. A 1793 Sultan Salim na III ya tura Yusuf Agah Efendi ya zauna a Landan a matsayin jakada na dindindin, shi ne na farko, sannan aka buɗe wasu ofisoshin a Biyana da Berlin da Paris. Abin bai ɗore ba a karon farko. Sai a 1821 Girkawa suka yi tawaye, aka zargi babban tafintan fada da haɗa baki, aka kashe shi, gari ya waye daula guda ba ta da wanda za ta amince ya karanta mata wasiƙar Faransanci. Ashe gaskiyar Bahaushe ne da ya ce kayan aro ba ya rufe katara. A wannan shekara aka buɗe Ɗakin Fassara a fadar Babban Waziri domin a koya wa 'ya'yansu harsuna. A 1834 Sultan Mahmud na II ya sake buɗe ofisoshin jakadanci, a 1836 kuma ya mayar da ofishin Ra'isul Kuttab Ma'aikatar Harkokin Waje, mai riƙe da muƙamin, Akif Efendi, ya zama minista na farko. Daga wancan ɗan ɗaki na fassara aka samu Ali Pasha da Fu'ad Pasha, waɗanda suka juya daular shekara da shekaru, kuma Ali Pasha ne ya zauna da manyan Turai a taron Paris na 1856. Mu marubuta ma muna da rabo a ciki, domin Namik Kemal, wanda littafinsa na 1876 yake cikin ƙagaggun labarai na farko a Turkanci, a nan ya yi aiki.

Yanzu mu dawo gida. Kada mai karatu ya ɗauka tamu daular ba ta san wannan aiki ba. Ta sani ƙwarai. Ofishin Wazirin Sakkwato tun daga Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, shi ne ƙofar wasiƙu da baƙi. A hannunsa Kilafatan ya sauka a 1824, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba shi wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila. Wasiƙun da Bello ya yi musaya da Shehu Laminu na Barno suna nan cikin Infaƙul Maisuri. Zuriyar Giɗaɗo suka ci gaba da riƙe alƙalamin har zuwa Waziri Buhari da Turawa suka tarar a 1903, kuma wasiƙun da aka samu a gidansa su ne wani Bature H. F. Backwell ya fassara ya buga a 1927. Magatakarda muna da su, hatimi muna da shi, Larabcin kuwa tsab. Abu biyu ne suka yi mana ƙaranci. Na ɗaya, akasarin wasiƙun ba a sa musu kwanan wata. Na biyu, wanda ya fi ciwo, ba mu kai ga buɗe namu ɗakin fassarar ba.

Dubi abin da ya biyo baya. A 1885 Joseph Thomson ya zo wa Sarkin Musulmi Umaru da takardar yarjejeniya a madadin kamfanin Ingilishi da ke ciniki a Kwara. Kamfanin ya riƙa nuna wa ƙasashen Turai takardar a kan cewa an sallama masa iko a gaɓar Kwara da Binuwai, shi kuma zai riƙa ba da kaya na kimar buhun wuri 3,000 duk shekara. A wajen Sakkwato kuwa, baƙin 'yan kasuwa ne aka ba izinin ciniki suna kawo gaisuwa. Takarda ɗaya, fahimta biyu, kuma wadda Landan da Paris suka yi aiki da ita wajen raba ƙasa ita ce ta mai kamfani.

Sai kuma wasiƙar 1902, wadda Lugga ya ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aiko masa yana cewa babu abin da ke tsakaninsu sai yaƙi. Da ita ya kafa hujja a wajen iyayen gidansa. Kano ta faɗi a watan Fabrairun 1903, Sakkwato ta bi baya ranar 15 ga Maris. Fassarar Ingilishi ce ta yaɗu, ainihin ta Larabcin kuwa masu bincike sun nema ba su gani ba, har wani tsohon jami'in mulkin mallaka, D. J. M. Muffett, ya nuna shakkarsa a kanta a littafinsa na 1964. Da a ce akwai kundi irin na Istanbul mai kwanan wata, da tuni an raba gardama. Kai, ita kanta kalmar tafinta daga Ingilishi muka aro ta, wato tare da masu jajayen kunnuwa sana'ar ta bunƙasa a wajenmu, kuma su ke biyan mai yin ta.

Na san wani zai ce, to ai su Turkawan da ɗakin fassarar tasu ba su tsira ba. Haka ne. Sun fara cin bashin Turai a 1854, suka kasa biya a 1875, a 1881 masu bin bashi suka kafa hukuma a cikin Istanbul suna karɓar wani kaso na haraji da hannunsu. Iya Faransanci bai hana su wannan ba, kuma ni ma ban ce da Waziri Buhari ya iya Ingilishi da bindiga mai ruwa ta fasa tashi ba. Abin da nake cewa shi ne, daular da ake ce wa majinyaciyar Turai ta ƙara shekara 100 cur bayan 1821 tana haɗa wannan da wancan tana samun numfashi, kuma da ta faɗi ta bar wa 'ya'yanta ƙwararrun jakadu da miliyoyin takardu da suke ba da labarinta da bakinta. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Mu kuwa a wurare da dama fassarar wanda ya ci mu da yaƙi muke karantawa.

Abin da ya rage mana na takardu, da yawansa yana nan cikin garin Kaduna, tsallaken nan namu na arewacin kogi. Ga Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a titin Yakubu Gowon, inda ake ajiye da takardun Larabci da fayil-fayil na lardunan Arewa. Ga Gidan Arewa a titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya assasa a matsayin cibiyar bincike a 1970. Kuɗin Keke Napep kawai zai kai mutum daga Unguwar Sarki ko Malali. Amma mu nawa ne cikin masu rubutu da masu karatu muka taɓa taka ƙafa can? Mu nawa za mu iya karanta wasiƙar Waziri da rubutun hannunsa? Turkawa sun bar haruffan Larabci a 1928, amma har yau suna horar da masu karanta tsohon rubutunsu. Mu muna da dubban almajirai da idonsu ya saba da irin wannan rubutu tun suna yara, ba mu taɓa tunanin cewa su ne ma'aikatan da ma'ajiyar tarihi take buƙata ba.

Kuma kada a ɗauka maganar ta tsaya ga tarihi. A 2024 da Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Samoa, an yi makonni ana ce-ce-ku-ce a masallatai da gidajen rediyo da Facebook a kan abin da ke cikinta da abin da ba ya ciki. Cikin masu gardamar, na wannan ɓangare da na wancan, mutum nawa suka karanta ta da idonsu? Kowa tafinta ya dogara da shi, kamar dai 1885.

Saboda haka kirana uku ne. Jami'o'inmu da gwamnatocin Arewa su ɗauki nauyin fassara duk wata babbar yarjejeniya da ta shafi talaka zuwa Hausa, daga mutanen da suka san harshen da dokar. Gidajen sarauta da na malamai da ke da tsofaffin wasiƙu a adaka su bari a ɗauki hotonsu a adana kafin gara da damina su riga mu. Mu kuma 'yan'uwana marubuta, mun rubuta Alhaji mai kuɗi da kishiya da ɗan sarki har alƙalami ya gaji. Ga jakadan da ya ratsa Sahara da wasiƙa a cikin gafaka, ga magatakardan Waziri a daren 14 ga Maris na 1903, ga tafintan da ke tsaye tsakanin sarki da Bature ya san abin da kowannensu bai sani ba. In soyayya ake so, su ma suna da mata da 'ya'ya. Allah Ya ba mu ikon ɗauka.