Kimiyya A Sauƙaƙe: Me Ya Sa Matuƙi Ke Rage Ƙyalle Tun Iska Ba Ta Yi Ƙarfi Ba?



Wanda ya taɓa ɗaukar fallen kwanon rufi a ka lokacin da iskar hadari ta taso ya san yadda take fizgar mutum. Wannan ƙarfin ne ake kamawa da ƙyalle a tura ƙaramin kwalekwale ba tare da inji ba. Misalinmu na yau shi ne samfurin Wayfarer, wanda Ian Proctor ya zana a Ingila a 1957. Tsawonsa bai kai mita 5 ba, kuma ana koyar da tuƙi da shi.

Kafin a shiga ruwa sai an harhaɗa jirgin. Da farko a juya goshinsa ya fuskanci inda iska ke fitowa. A kafa doguwar sanda a tsaye, a ɗaure ta da wayoyi uku, ɗaya ta gaba, biyu ta gefe. A maƙala mata wata sanda a kwance, wadda ke riƙe gindin ƙyallen. Sannan a ja igiya ƙyallen ya hau sama. Akwai igiyar da matuƙi ke riƙewa a hannu yana ja yana saki, kamar linzamin doki. Ita a bar ta sake yayin ɗaga ƙyalle, don in tana ɗaure iska za ta cika ƙyallen ta kayar da jirgin tun yana bakin ruwa. A duba an toshe ramin zubar da ruwa na baya, kowa ya sa rigar ceto. Allon juya jirgi da allon tsakiya, wanda ke hana shi zamewa gefe, sai an kai inda ruwa ke da zurfi ake sauke su.

To, ina haɗarin yake? A lissafi yake. Idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da take danna ƙyalle da shi yana ninkawa sau huɗu. Iska mai gudun kilomita 15 a awa ta koma 30, ƙarfi ya zama huɗu. Ta kai 45, ya zama tara. Amma nauyin mutanen da ke zaune a gefen jirgi don hana shi kifewa yana nan yadda yake. Yaro mai kilo 50 ba zai koma kilo 200 don iska ta ƙaru ba. Abin da ke hannunsa shi ne ya rage faɗin ƙyallen.

Ragewar tana da amfani biyu. Na ɗaya, iska ta sami ƙaramin wurin dannawa. Na biyu, saman ƙyallen ya sauko ƙasa. Ku tuna darasin ƙofa: tura ta daga bakin mariƙi ya fi sauƙi a kan turawa kusa da inda aka kafe ta. Haka iskar da ke bugun can ƙololuwar sanda ta fi saurin karkatar da jirgi.

Ga yadda ake yi. Matuƙi ya karkata goshin jirgi wajen iska, ya saki igiyar hannu har ƙyallen ya riƙa kaɗawa. Abokin tafiyarsa ya sassauta igiyar ɗagawa, ƙyallen ya sauko zuwa wani zobe da aka ɗinka a gefensa na gaba. Ya ɗaure zoben a jikin sandar kwance, ya sake jan igiyar ɗagawa ta yi tsauri. Sai ya ja igiyar da ke ratsa zobe na biyu a gefen baya, shi ma ya sauko. Ragowar ƙyallen da ke reto a naɗe shi, a ɗaure da 'yan gajerun igiyoyi. Ƙullin da ake yi a nan shi ne wanda 'yan Sikawut ke fara koya: dama bisa hagu, sannan hagu bisa dama. Yana riƙewa, kuma yana da sauƙin kwancewa. Sai dai kada ku haɗa igiyoyi biyu da shi don ɗaukar nauyi, yana iya zamewa.

Duk wannan aiki yana son hannu biyu da natsuwa. A bakin ruwa ba ya cin lokaci. A tsakiyar ruwa kuwa, jirgi na tangaɗi, sandar kwance na kai bugu, hannu ya yi sanyi, a nan ake kifewa. Shi ya sa masu koyarwa ke cewa da zarar tunanin ragewa ya zo maka, lokacin ya yi. Fararen kumfa a kan igiyar ruwa alama ce. In iska ta lafa daga baya, kwance ƙullin ba wuya. Da sanyin safiya ake kama fara.

Wasu masu koyo suna ganin rage ƙyalle tsoro ne. A 1963 wani Bature mai suna Frank Dye da abokinsa sun tuƙa irin wannan jirgi daga Sikotlan zuwa Aislan cikin kwana 11. A 1964, a hanyar Norwe, guguwa ta kifar da shi sau huɗu, sandar ta karye, amma suka gyara suka isa. Jirgin nasa, mai suna Wanderer, yana gidan tarihin teku na Falmouth a Ingila. Ƙaramin jirgi ba ya yin irin wannan tafiya sai matuƙinsa ya san lokacin rage ƙyalle da lokacin sauke shi gaba ɗaya.

Tambayar mako: iska ta tashi daga kilomita 20 a awa zuwa 30. Sau nawa ƙarfinta a kan ƙyalle ya ninka? Ku nuna wa malamin lissafi aikinku. Amsa tana nan tafe mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.