Gogewar ƙarshe ga waƙar da aka ɗauka a gida: manhaja ko kunnen mutum?

Wannan makon muna tare da masu haɗa waƙa a gida, musamman 'yan uwanmu na Yelwa da Wara da Shanga da sauran garuruwan bakin tafkin Kainji, inda babban sutudiyo ya yi nisa amma waya tana kusa. Duk wanda ya taɓa ɗaukar waƙa a ɗaki ya san wannan matsala: a iyafis ta yi daɗi, amma da an sa ta a sifika bayan waƙar Ali Jita ko ta Hamisu Breaker, sai a ji ta can ƙasa kamar daga cikin rijiya. Nan take abokai za su ce, "Ai mastarin ne ba ka yi ba." Daga nan sai tambaya ta taso: a ba manhaja ta yi, ko a tara kuɗi a biya injiniyan sauti?

Mene ne mastarin?

Aikin waƙa mataki uku ne. Da farko a ɗauki murya da kiɗa. Sai a yi miksin, wato a daidaita su, a ɗaga wannan a rage wancan har su zauna tare. Mastarin shi ne na ƙarshe, kuma a kan waƙar da aka riga aka haɗe ta wuri guda ake yin sa. Ku ɗauke shi kamar bugun shadda. Tela ya gama ɗinki, sai a kai wa mabuga su fito da ƙyallinta. Bugu yana sa riga ta yi kwarjini, amma idan tela ya karkace wuya, ko an kwana ana bugu a karkace zai fito.

Sana'ar ta samo asali ne tun zamanin faifan garmaho. A lokacin akwai injiniyan da ke yanka uwar faifai, wadda daga ita ake buga sauran. Idan kaurin sauti ya yi yawa, allura tana iya tsalle daga kan layinta, don haka dole ya saurara da kyau ya rage. Yau babu allura, amma aikin yana nan: a sa waƙa ta fita daidai a waya, da rediyon mota, da sifikar gidan biki.

Kun karanta a darasin Fiziks cewa kunnen mutum yana jin sauti daga Hz 20 zuwa Hz 20,000. Mai mastarin yana duba wannan tazara, ya rage inda kauri ya cushe, ya ƙara inda haske ya gaza. Sannan ya matse sautin kaɗan don tazarar da ke tsakanin wuri mai ƙarfi da wuri mai sanyi ta ragu. A ƙarshe ya ɗaga ƙarar waƙar gaba ɗaya, ya sa mata iyakar da ba za ta tsallake ta fashe ba.

Abin da manhaja ta iya

A 2014 wani kamfani mai suna LANDR a birnin Montreal na Kanada ya fara yi wa mutane mastarin ta intanet ba tare da hannun mutum ba. Ka ɗora waƙa, cikin 'yan mintuna ta dawo a goge. Shi LANDR ana biyan sa, amma manhajar BandLab ta ƙasar Singafo, wadda ɗalibai da yawa ke ɗaukar waƙa da ita a waya, tana da irin wannan a kyauta. Su kansu injiniyoyi suna da nasu: tun 2017 manhajar Ozone ta zo da mataimaki mai sauraron waƙa ya ba da shawarar gyara.

Yadda suke aiki ba asiri ba ne. Manhaja tana auna waƙarka, ta kwatanta ma'aunin da na ɗimbin waƙoƙin da aka horar da ita a kansu, sai ta ja taka zuwa kusa da su. Idan an ɗauki waƙar da tsabta, miksin ya yi kyau, sakamakon yakan fito lafiya ƙalau. Ba ta gajiya, ba ta cewa ka dawo gobe, kuma za ka iya gwadawa sau goma a dare ɗaya. Ga ɗalibin da kuɗinsa bai wuce na tara da na data ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Inda take tuntuɓe

A ce ƙungiyar Hausa ta makarantarku ta shirya waƙa don bikin yaye ɗalibai, ko don bikin Rigata na Yawuri. An ɗauka a aji, fanka tana juyawa, janareta yana ruri a bayan taga. Manhaja ba ta raba murya da rurin janareta, domin duka a fayil ɗaya suka zo mata. Da ta ɗaga ƙara, tare za ta ɗaga su. Haka ma ɗan gurnanin nan da ke shiga makirufo idan waya ko kwamfuta tana jone da caji: wutar lantarkinmu a Hz 50 take kaɗawa, kuma gurnanin da ba ka lura da shi ba a da, bayan mastarin zai fito fili.

Matsala ta biyu ta fi wannan zurfi. Yawuri ƙasar waƙa ce tun kafin zuwan kwamfuta. Ku tambayi iyayenku labarin marigayi Sani Aliyu Ɗandawo. Ku saurari makaɗan fada irinsa da kyau, za ku ji jagora ya sassauta murya a wani wuri, kiɗa ya lafa don a ji magana, sannan 'yan amshi su shigo da ƙarfi. Wannan hawa da sauka da gangan ake yin sa, shi ne ke motsa zuciyar mai sauraro. Manhaja lambobi take gani. Idan aka bar ta ta matse da yawa, sai sassaucin jagora da ƙarfin amshi su koma tsayi ɗaya. Haka kalangu: Bahaushe ya san magana yake yi, yana bin hawa da saukar harshe. Wanda ya san abin da kalangun ke faɗa ba zai yarda a binne shi a ƙarƙashin fiyano ba. Manhaja kuwa ba ta san yana faɗin komai ba.

Abin da mutum ya fi ta

Babban abin da kake saya a wurin injiniya na ƙwarai shi ne ya iya ce maka, "Wannan ba ta kai mastarin ba tukuna, koma ka rage kiɗa, muryarka ta nutse." Manhaja duk abin da ka ba ta karɓa take yi. Mutum kuma za ka iya yi masa bayani: baiti na uku nake so a ji kowace kalma, domin nan ne saƙon yake. Idan waƙoƙi biyar ne za ku fitar tare, shi ne zai jera su ya daidaita su, kada ɗaya ta yi ihu ɗaya ta yi raɗa.

Sai dai ba kowane mai kwamfuta ne injiniya ba. A ƙananan sutudiyo da yawa mutum ɗaya ne furodusa, shi ne mai miksin, shi ne mai mastarin, kuma yana iya danna irin maɓallin da kai ma za ka iya dannawa a kyauta. Kafin ku biya kowa, ko a Birnin Kebbi yake ko Kontagora ko Kano, ku nemi ya goge muku daƙiƙa 30 ku ji. Ku yi magana tun farko a kan sau nawa zai gyara idan ba ku gamsu ba, kuma kada ku biya duka kafin aiki. Wajen turawa, ku aika fayil ɗin WAV a matsayin takarda. Saƙon murya na WhatsApp yana matse sauti ya zubar da wani ɓangarensa, kuma abin da ya zube ba ya dawowa.

Ruɗin ƙara

Kunne yana da wata ɗabi'a: idan aka sa masa abu ɗaya sau biyu, wanda ya fi ƙara shi zai ce ya fi daɗi. Wannan ya sa aka daɗe ana gasar ƙara a duniyar waƙa. A 2008 ƙungiyar mawaƙan Amurka mai suna Metallica ta fitar da kundi mai suna Death Magnetic, an matse shi har yana fashewa, dubban masoyansu suka sa hannu a takardar koke suna neman a sake aikin. Yanzu Spotify, wadda ta shigo Najeriya a 2021, tana daidaita waƙoƙi a kan ma'aunin ƙara guda, -14 LUFS, YouTube ma tana rage wadda ta cika ƙara. Wanda ya matse waƙarsa don ta fi ta kowa, a can za a sauke ta, ya tashi ba ƙara ba daɗi.

Mun san a garuruwanmu waƙa ta fi yawo ta Xender da Bluetooth da wurin masu turi a kasuwa, inda babu mai daidaita komai. Don haka ƙara tana da amfaninta. Amma a tsaya inda kalma take fita garau. Ku kuma ji tausayin kunnuwanku: Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin lalacewar ji saboda sauraro da ƙara mai yawa. Mawaƙin da kunnensa ya mutu, wa zai gaya masa waƙarsa ta karkace?

Shawararmu

Ga waƙar gwaji, da ta aji, da wadda za a tura wa abokai, manhajar kyauta ta wadatar. Kuɗin injiniya a ajiye shi sai waƙar da aka sha wahala a kanta, wadda za a kai gidan rediyo ko gasa, kuma da sanin iyaye. Kuɗin rajistar WAEC ko NECO kuwa ba a taɓa shi don waƙa.

Ƙarfinku ku zuba shi a farkon aiki, domin Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A kashe fanka, a jira janareta ya yi shiru, a cire caji. A rataya bargo ko a jingina katifa a bango don rage amsa-kuwwa. A bar tazarar kamar taƙi ɗaya tsakanin baki da makirufo. Wajen miksin kada ma'auni ya taɓa ja. A bar wa mai gogewa fili, kamar dB 6 ƙasa da iyaka.

Ga aikin wannan mako. Ku ɗauki waƙa ɗaya, ku ajiye ta yadda take, ku kuma goge kwafinta da manhaja. Ku rage ƙarar gogaggiyar har ta yi daidai da ta asali. Sai aboki ya sa muku su ba tare da ya faɗi wacce ce wacce ba, a sifikar waya, da iyafis, da babbar sifika. Ku rubuta wadda kalmominta suka fi fita, da wadda kiɗanta ya fi zama. Ku aiko mana da abin da kuka ji, tare da sunan makarantarku da ajinku. Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.