Muna da dokar nakasassu, ina masu binciken?

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta haramta nuna wariya ga masu nakasa. Dokar ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a hukumomin gwamnati, ta kuma ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shiga, wa'adin da ya cika a farkon 2024. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa da za ta kula da aiwatarwa. Duk wannan abin a yaba ne. Amma wanda zai aiwatar da doka dole ya san mutanen da aka yi ta dominsu, kuma a nan ne muke da babban giɓi.

Ƙidayar 2006 ta ce masu nakasa a Najeriya miliyan uku ne da 'yan kai, wato kashi 2 da ɗan ɗoriya. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya gano kusan kashi 7 suna fama da wata wahala wajen gani, ji, tafiya ko makamantansu. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa a 2022 ta ƙiyasta kashi 16 na mutanen duniya. Wannan tazara ta samo asali ne daga yadda ake yin tambayar. Idan malamin ƙidaya ya tsaya a zaure ya ce wa maigida, "Akwai nakasasshe a gidan nan?" amsar da zai samu ita ce babu, Allah ya kiyaye. Yarinyar da ke farfaɗiya ba za a ambace ta ba, don ana tsoron kada ta rasa miji. Tsohuwar da idonta ya tafi, an ɗauka tsufa ne kawai. Shi ya sa masana suka tsara gajerun tambayoyi shida, waɗanda ake kira na rukunin Washinton, da ba su furta kalmar nakasa ko sau ɗaya: shin yana shan wahalar gani ko da ya sa tabarau, shin yana shan wahalar hawa matakala, da sauransu. Sanin irin wannan dabara, da iya mayar da ita Hausa ko Fulfulde ko Kanuri ba tare da ma'anar ta karkace ba, sana'a ce da ake koya. Wurin koyonta shi ne digiri na biyu da na uku.

Ba daga babu za mu fara ba. Jami'o'in Ibadan da Jos da Bayero suna da sassan ilimin masu buƙata ta musamman, akwai kwalejin tarayya ta musamman a Oyo, kuma makarantar makafi ta Gindiri tana nan tun 1953. Sai dai yawancin ƙarfin da aka zuba ya tafi wajen horar da malaman aji, aikin da ake matuƙar buƙata, amma daban yake da horar da mai bincike. Abin da ke damuna shi ne irin kundin da ɗalibai da yawa ke fitarwa a jami'o'inmu: a raba wa malaman firamare takardar tambayoyi kan "ra'ayinsu" game da yara masu nakasa, a lissafa kashi-kashi, a ɗaure da baƙin bango, a ajiye. Sau da yawa ɗalibin ya gama digirinsa bai zauna sa'a ɗaya da kurma ko makaho ba. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Ba a ba shi kuɗin fita ba, ba a koya masa wata hanya ba.

A wasu ƙasashe an daɗe da mayar da wannan fanni ilimi mai zaman kansa. Jami'ar Tsukuba ta Japan tana ba da digiri na biyu da na uku a kimiyyar nakasa, inda ɗalibi ke haɗa ilimin koyarwa da nazarin halayyar ɗan Adam da aikin jiki da walwalar jama'a. Jami'ar Leeds ta Ingila tana da cibiyar da ta shahara da ra'ayin cewa muhalli da ɗabi'ar jama'a ne ke nakasa mutum fiye da raunin jikinsa. Ko a maƙwabta, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi tana da cibiyar nazarin nakasa da farfaɗo da masu ita. Ba na cewa mu kwafo manhajarsu. Tambayoyinmu daban ne, kuma babu wanda zai zo daga Tokyo ya amsa mana su.

Ɗauki maganar hannu. Kuramen Kano suna da harshensu tun kafin boko, harshe cikakke mai nahawu, wanda mahauta da 'yan kasuwa da yawa ke iya taɓawa da su. Cikakken nazarin farko da aka yi masa, wata Bajamushiya ce ta yi, Constanze Schmaling, ta kuma wallafa shi a 2000. A makarantun kurame kuwa, abin da ake koyarwa ya samo tushe daga maganar hannun Amurka, wadda Andrew Foster, kurma Baƙar fatar Amurka, ya yaɗa bayan ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Ke nan yaro yana tashi da wani harshe a gida da unguwa, ya je makaranta a sa shi wani, sannan a nemi ya karanta Turanci da bai taɓa ji ba. Me wannan ke yi wa karatunsa? Wanne ya fi saurin buɗe masa kai? Yaya za a koya masa Alƙur'ani da fiƙihu? Kowace ɗaya daga cikin tambayoyin nan ta isa digirin digirgir, kuma wanda ya fi cancanta ya yi shi kurma ne Bahaushe da ya tashi cikin harshen.

Haka gwaje-gwajen da ake auna ji da magana da fahimtar yara. Mafi yawansu an tsara su ne da yaran Turai da Amurka. Hausa harshe ne mai karin sauti, inda ɗaga murya ko sauke ta ke sauya ma'ana. Gwajin ji da aka gina kan kalmomin Turanci ba zai gaya maka abin da yaron Bichi ke rasawa a zancen uwarsa ba. Yaron da aka nuna wa hoton abin da bai taɓa gani ba, ya kasa faɗin sunansa, sai a rubuta masa taɓin ƙwaƙwalwa, alhali gwajin ne bai dace da shi ba.

Sannan ga waɗanda annoba ta bar mana. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, irin su Bagega da Dareta. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yaro ko da ya rayu. Waɗanda suka tsira yanzu samari ne da 'yan mata. Ya kamata a ce akwai ɗalibai daga Gusau da Sakkwato da ke bin rayuwarsu shekara bayan shekara. A watan Agustan 2020 aka tabbatar an kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Afirka, muka yi murna, amma dubban da cutar ta riga ta taɓa suna nan suna manyanta, kuma likitoci sun san raunin kan ƙaru bayan shekaru. Sanƙarau ma duk lokacin zafi yana barin kurame a bayansa.

Ko bara da gwamnatoci ke ta hanawa suna sake hanawa, bincike take nema. Ƙasar Hausa tana da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, tsari ne mai shugabanci da hukunci da taimakon juna. Wanda zai raba mutum da bara sai ya fahimci abin da tsarin nan ke ba shi wanda gwamnati ba ta bayarwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ƙofar karatun gaba take kusan a rufe ga masu nakasar kansu. Ɗakin karatu a bene ba na'urar hawa. Mujallun bincike a hoto, wanda manhajar da ke karanta wa makaho rubutu ba ta iya karantawa. Taron kare kundi ba tafinta. Hukumar JAMB ta yi ƙoƙari da ta ware wa makafi cibiyoyin jarrabawa, amma wannan matakin shiga digirin farko ne kawai. Marigayi Farfesa Jibrin Isa Diso na Jami'ar Bayero, makaho, ya kai ƙololuwar aikin jami'a. Ya isa hujja cewa basirar tana nan. Sai dai bai kamata a ce sai mai juriya irin tasa ne kaɗai zai iya ƙetarewa ba.

Kano tana da asibitin ƙashi na Dala da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Kaduna tana da cibiyar ido ta ƙasa da ta kunne. Masana harshe da na zamantakewa da na gashin ƙashi duk suna harabar jami'a ɗaya, kowa a sashensa. Ina kira ga asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, da hukumar masu nakasa su haɗa kai su ɗauki nauyin cibiyar karatun digiri na biyu da na uku a wannan fanni a ɗaya daga jami'o'in Arewa, mai haɗa waɗannan ɓangarori, da kuɗin fita bincike na gaske. A ware aƙalla rabin guraben tallafin ga ɗalibai masu nakasa, a sa albashin tafinta da mai karanta wa makaho cikin kasafin tun daga farko. A kuma wajabta wa kowane ɗalibi ya koma wurin mutanen da ya yi bincike a kansu, ya bayyana musu abin da ya gano da Hausa ko da maganar hannu, kafin a sa masa hannu a kundi.