Koken Jama'a a Majalisa: Karɓa Ba Ita Ce Sharar Hawaye Ba

Kusan kowane zama na Majalisar Dattawa da ta Wakilai, kafin a shiga muhawarar ranar, akan ba mambobi dama su gabatar da takardun koken jama'a. Ɗan majalisa zai miƙe ya karanta taken takardar, shugaba ya tura ta ga kwamitin sauraron ƙorafe-ƙorafe, a wuce gaba cikin 'yan mintuna. Amma a bayan kowace takarda akwai ma'aikacin da aka sallama ba bisa ƙa'ida ba, ko tsohon da fanshonsa ya maƙale, ko ƙauyen da aka karɓe wa gonaki ba diyya.

Majalisa ba ta rasa iko ba. Sashe na 88 da na 89 na kundin tsarin mulkin 1999 sun ba ta damar bincike, da kiran shaidu, da neman takardu, har da ba da sammacin kawo wanda ya ƙi amsa gayyata. Matsalar tana ga yadda ake amfani da ikon.

Cikas na farko yana bakin ƙofa. Bisa ƙa'idojin majalisun biyu, koke ba ya shiga zaure sai ta hannun mamba. Wanda wakilinsa ya juya masa baya, ko wanda kokensa ya taɓa wani babba, yana iya rasa mai ɗaukar masa takarda. Ko an samu mai ɗauka ma, ba a tsira ba. A watan Maris na 2021, Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Ahmed Idris Wase, ya ƙi karɓar koken wata ƙungiyar 'yan ƙabilar Tibi mazauna Amurka, wanda Mark Gbillah ya gabatar kan mutanen da rikici ya raba da gidajensu, yana mai shakkar hurumin mazauna ƙetare. Sai da aka yi ca kafin Kakaki Femi Gbajabiamila ya karɓi takardar. Haƙƙin da sai an yi hayaniya ake samunsa bai zauna da gindinsa ba.

Cikas na biyu yana ɗakin kwamiti. Mai koke kan ci bashin kuɗin mota daga Gashuwa ko Kalaba, ya iso Abuja, ya tarar shugaban hukumar da yake ƙara bai zo ba, ko ya turo ƙaramin jami'in da ba shi da ta cewa. A ɗage zama, talaka ya koma gida hannu rabbana.

Na uku shi ne mafi ciwo. Ko da zaure ya amince da rahoton kwamiti, matsayar majalisa ba doka ba ce, kuma ba hukuncin kotu ba ce. Ma'aikata na iya jefa ta cikin fayil ta manta. Idan wa'adin shekara 4 ya cika, koken da ba a kammala ba sai a sake shi daga tushe.

Gyaran ba ya buƙatar taɓa tsarin mulki. Ya kamata kowane koke ya samu lamba da mai shi zai bibiya ta intanet, a kuma ƙayyade wa kwamiti wa'adin ba da rahoto. Kwamitocin bibiyar aiwatar da matsayar majalisa su riƙa wallafa sunayen hukumomin da suka yi kunnen uwar shegu, a tuna musu lokacin kare kasafin kuɗi. Ƙananan ƙorafe-ƙorafe kuma a miƙa su ga Hukumar Sauraron Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, wadda aka kafa tun 1975, tare da ba ta kuɗin aiki.

Akwai nauyi a wuyan hadimai da ma'aikata. Hadimin da ya danne takarda a aljihun tebur, da daraktan da ya ƙi aiwatar da matsaya, su tuna cewa da yawa daga masu koken nan jiya su ma suna kan kujerun ofis. Majalisar da ke da sanatoci 109 da wakilai 360 ba ta da uzurin barin ɗan ƙasa ya tsufa yana jiran amsa.