Shaidar da direba ba ya gani

A Nijar, direban kamyo mai neman aiki yakan gabatar da permi, da kaziye daga gidan shari'a mai nuna ko an taɓa yanke masa hukunci, da takardar shaidar aiki daga tsohon ubangidansa. Dokar ƙwadago ta 2012 ta wajabta ba da wannan takarda, ta kuma iyakance abin da za a rubuta cikinta: ranar kama aiki, ranar barinsa, da irin aikin.

Sai dai a tashoshin Maraɗi da Damagaram, ba takarda ke yanke magana ba. Mai mota yakan kira takwaransa ta salula. Kalma guda, wai wane yana sayar da gazuwal a hanya, ta isa ta raba magidanci da sitiyari, alhali bai san wanda ya shafa masa kashin kaji ba.

Babu laifi mai mota ya yi bincike kafin ya danƙa wa baƙo dukiyar miliyoyin sefa. Laifin shi ne yanke hukunci bayan idon mutum. Ko a Amurka, inda kamfanoni ke tara tarihin direbobi cikin kwamfuta, wata doka ta 1970 ta ba wanda aka hana aiki damar ganin rahotonsa da ƙalubalantar kuskure.

Ya kamata sandikan direbobi da na masu motoci su zauna su tsaida ƙa'ida guda: duk zargin da zai hana mutum cin abinci, a rubuta shi, a sa hannu, a ji ta bakin mai shi.