Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Ranar 3 ga Agusta, 2025, a birnin Abijan, 'yan matan Nijeriya na ƙwallon kwando, D'Tigress, suka doke Mali da ci 78 da 64, suka ɗaga kofin Afirka karo na biyar a jere, na bakwai ke nan a tarihinsu. Gari ya ɗauka. Shugaban ƙasa ya yi wa kowace 'yar wasa kyautar dala 100,000 da gida da lambar girma, manya kuma suka yi ta aika saƙon taya murna sai ka ce da su aka yi gumin. Mu ma nan Sakkwato mun tafa. Amma cikin 'yan wasa 12 da suka je Abijan babu ko ɗaya da wata makarantar jihar nan ta rena, kuma in aka ci gaba a yadda ake tafiya, ko nan da shekara 20 ba za a samu ba. Kada wani ya ce mini ƙaddara ce. Sakaci ne, masu shi kuma suna nan da ofis da kujera da albashi.

A duba inda waɗannan 'yan mata suka fito. Amy Okonkwo, wadda aka zaɓa gwarzuwar gasar, jami'ar TCU ta jihar Texas ce ta gyara ta. Elizabeth Balogun a Legas aka haife ta, amma a Duke ta ƙare. Ezinne Kalu ta fito daga Savannah State. Ita kanta mai horar da su, Rena Wakama, a Western Carolina ta yi wasanta. Mafi yawansu kwalejojin Amurka ne suka yi wahalarsu, mu muka zo muka rataya musu kore da fari. Abin da kwalejojin nan suke da shi kuwa ba sihiri ba ne, jadawali ne. Tun kafin ɗalibai su dawo hutu an riga an san ranar kowane wasa da inda za a yi shi. Ana fara kaka a watan Nuwamba, a yi ta gwada ƙarfi da makarantun nesa, sannan daga ƙarshen Disamba a shiga wasannin rukuni, inda makarantun da aka haɗa wuri guda suke karawa da juna mako bayan mako, yau a gidanku, wata rana a gidansu. Kafin watan Maris yarinya ta buga wasa wajen 30. A nan ne ake fitar da ƙungiyoyi 68 su shiga gasar ƙasa. Wasan ƙarshe na 2024, tsakanin South Carolina da Iowa, mutum sama da miliyan 18 suka kalla a talabijin, ya zarce na maza a shekarar. Tushen abin wata doka ce ta 1972 da ta hana duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya fifita maza a kan mata, har a filin wasa.

To mu dawo gida. A Boɗinga akwai makarantar 'yan mata ta haɗin kai, wadda ake kawo wa ɗiya daga sassa daban-daban. Akwai makarantu a Sifawa da Dancaɗi da Dingyaɗi. A ƙasar Shagari akwai su a cikin gari, akwai a Kajiji da Dandin Mahe. Titi guda ne ya ratsa ƙananan hukumomin biyu, wanda ya taso daga Sakkwato ya nufi Tambuwal da Jega, kuma daga Boɗinga zuwa Shagari tafiyar ba ta kai awa guda ba. Ina ƙalubalantar duk jami'in wasanni na waɗannan wurare, da na ma'aikatar ilimi, da na ma'aikatar matasa da wasanni: ku fito da jadawalin wasannin 'yan mata na wannan zangon karatu ku manna a allo. Wace makaranta za ta karɓi wace, ranar wace Asabar, wa zai busa usur?

Kowa ya san yadda ake yi a makarantunmu. Shekara za ta zagayo ƙwallo na kulle a sito, in ma akwai ta. Ran nan sai ga takarda daga birni, ana neman wakilai zuwa wata gasa nan da mako guda. Sai malamin wasanni ya zagaya azuzuwa yana duba dogaye: ke taso, ke ma taso. A yi musu atisaye na 'yan kwanaki cikin rana, a aro riguna, a cusa su a bas. Su je su tarar da yaran da suka shekara biyar suna wasa tare, a lallasa su, su dawo kai a ƙasa. Daga nan sai manya su zauna a ofis su yanke hukunci: ai dama ɗiyanmu ba su da sha'awar abin. Yaran da ba a koya wa riƙon ƙwallo ba, su ake ɗora wa laifin faɗuwa, wanda ya ƙi koyarwar kuma ya karɓi kuɗin kwanan hanya. Sauran abin da ya rage shi ne gasar gidaje ta yini guda, wadda rumfar manyan baƙi da lemo da jawabai suke cinye kuɗinta da lokacinta, yaran su yi maci, a ɗauki hoto, a watse sai baɗi.

Alhali hanyar fita tana nan a buɗe. Gasar Milo ta makarantun sakandare ta haura shekara 20 ana yin ta, maza da mata, daga jiha zuwa shiyya zuwa ƙasa. 'Yan matan St. Jude's ta Amarata a jihar Bayelsa sun ɗauki kofinta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Gasar ƙungiyoyin mata ta ƙasa, wadda bankin Zenith ke ɗaukar nauyi, an raba ta rukunin Arewa da na Kudu. Jami'o'i suna da NUGA tun 1966, kwalejojin ilimi suna da NICEGA, kwalejojin kimiyya da fasaha suna da NIPOGA. Ba wanda ya rufe wa Sakkwato ƙofa.

Da an matsa wa jami'an nan da tambaya, sai su ruga su ɓuya bayan addini. Wannan ita ce hujjar da ta fi ba ni haushi, domin ƙarya ce da aka yafa wa mayafi. Gaskiya ne akwai lokacin da dokar wasan ta hana rufe kai. A 2014 'yan matan Ƙatar sun gwammace su fice daga gasar Asiya a Koriya ta Kudu da su cire hijabi. Bilqis Abdul-Qaadir, Musulma 'yar Amurka, wadda ta zura maki sama da 3,000 a sakandare ta kafa tarihi a jihar Massachusetts, ta yi wasanta na jami'a kanta a rufe, amma dokar ta hana ta shiga sahun ƙwararru, ta tsaya ta yi ta fafutuka. A watan Mayun 2017 hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta janye haramcin. Tun da sabuwar dokar ta fara aiki, yarinya za ta iya shiga gasannin FIBA da hijabinta da dogon wando da riga mai dogon hannu. A wannan shekarar ce ma Saudiyya ta amince a riƙa koyar da motsa jiki a makarantun 'yan mata na gwamnati. Malin da muka doke a Abijan ƙasar Musulmi ce. Senegal, wadda ta ɗauki kofin nan sau 11, fiye da kowa a Afirka, ƙasar Musulmi ce, ƙasar Tijjaniyya da almajiran Shehu Ibrahim Inyass. Mun fi su kishin addini ne, ko sun fi mu son ɗiyansu?

In kuma tsoron idon maza ne, ai wasan mata a bayan ƙofa ya fara. A 1891 aka ƙirƙiro ƙwallon kwando. A 1893, da ɗalibai mata suka yi wasansu na farko a kwalejin Smith ƙarƙashin wata malama mai suna Senda Berenson, kulle ƙofofi aka yi, ba a bar namiji ko ɗaya ya shiga ba. Makarantun 'yan matanmu katange suke. A sa mace ta horar, mace ta yi alƙalanci, iyaye mata da ɗalibai su yi kallo, wa zai ce an yi saɓo? Malaman da ake fakewa da su sun fi kowa sanin hadisin tseren da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi da Nana A'isha. Gaskiyar maganar ita ce, yawancin masu cewa malamai ba za su yarda ba, ba su taɓa zuwa gaban wani malami sun shimfiɗa masa tsarin ba. Sun yanke wa malamai hukunci don su huta da aiki.

Abin kunyar ma, a ce a ƙasar Boɗinga ake wannan noƙe-noƙe. A Sifawa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi yana nan Boɗinga kusa da shi. Shehu ya tsawata wa malaman zamaninsa da ke barin matansu da ɗiyansu cikin jahilci. Ban ce ɗiyarsa Nana Asma'u ta san ƙwallon kwando ba, kada a yi mini ƙage. Abin da ta sani shi ne tsari. Ta naɗa jajis, kowace ta tattaro matan ƙauyensu, su yi tafiyar ƙasa zuwa wurinta cikin mutunci da kiyayewa, su ɗauki karatu su koma su koyar. Ba mota, ba kwalta, ba waya, amma 'Yan Taru sun zagaye ƙasar nan. Mu da muke da duka ukun mun kasa kai yara 12 daga Shagari zuwa Boɗinga da safiyar Asabar mu maido su kafin la'asar. Shagarin da ake alfahari da ɗanta, Alhaji Shehu Shagari, wanda malamin makaranta ne tun kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979.

Akwai wani labari da ya kamata a rubuta a ƙofar ma'aikatar wasanni ta jihar nan. A 1978 aka yi bikin wasannin kwalejojin horon malamai na ƙasa a Sakkwato. Cikin tawagar wata kwalejin Musulmi ta Legas akwai wani dogon yaro ɗan ƙwallon hannu, wani abokinsa ya roƙi koci a saka shi cikin 'yan ƙwallon kwando. Yaron nan shi ne Hakeem Olajuwon, wanda aka fara zaɓa cikin sababbin ƙwararrun 'yan ƙwallon kwando a Amurka a 1984, ya ci kofi da Houston Rockets a 1994 da 1995, yana wasa da azumi a bakinsa cikin Ramadan. Dalilin gasar Sakkwato ya shiga wasan. Da ba a shirya gasar ba, da wataƙila ya ƙare a mai tsaron gida na unguwa. Dogayen 'yan matan da ke ɗauko ruwa a Horo da Lambara, wa zai taɓa sanin abin da Allah ya ajiye a hannunsu in ba a miƙa musu ƙwallo ba? Kuma ga ƙwallon hannu nan shaida: jihar nan ta riƙe ta da muhimmanci, sai ga Rima Strikers da Rima Queens suna karawa da manyan ƙungiyoyin ƙasa. Ashe in an ga dama ana iyawa, har da matan.

Sai batun kuɗi. Filin ƙwallon kwando mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi. Daɓen siminti, ƙarfe biyu, allo biyu, zobe a tsayin mita 3.05, ƙwallo mai lamba 6. Kuɗin motar alfarma guda ta babban jami'i ya isa a yi filaye da dama. Yara biyar ne a fili daga kowane ɓangare, wasan zubi huɗu ne na minti goma-goma. Zafi? Ba wanda ya ce a fitar da yara cikin ranar Afrilu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu Allah ya ba mu hunturu, wata huɗu cur. Tsaro kam ba abin wasa ba ne, wanda ya ga yadda aka sace ɗalibai a Jangebe da Birnin Yawuri a 2021 ba zai raina fargabar iyaye ba. Shi ya sa nake maganar makarantun da ke maƙwabtaka, a kan babban titi, da rana tsaka, da rakiya. Wanda ke kai yaran nan tarbar manyan baƙi su yini a tsaye cikin rana bai isa ya ce tsaro ne ya hana shi kai su wasa ba.

Manyan makarantunmu ba su tsira ba. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana nan tun 1975, ga Jami'ar Jiha, ga makarantar ilimi mai sunan Shehu Shagari, ga kwalejin Umaru Ali Shinkafi, duka a gari guda. Makarantu huɗu ai rukuni ne cikakke: kowace ta karɓi 'yar'uwarta sau ɗaya ta je mata sau ɗaya, wasa shida-shida ke nan ba tare da an kwana a hanya ba. A manyan makarantun ƙasar nan ɗaliba tana biyan kuɗin wasanni daidai da ɗalibi lokacin rajista. Sai dai da yamma fili na maza ne, ita tana ɗaki. A faɗa mana inda kasonta yake tafiya. Daga waɗannan makarantu ne kuma ya kamata malamai mata masu horarwa da alƙalan wasa su fito. In ba a yaye su ba, gobe a sake cewa babu mace mai koyarwa, a rufe maganar.

Mu iyaye ma da namu kason. Uban da zai biya kuɗin gidan kallo ya raba dare saboda Arsenal, shi ne zai haɗe rai in ɗiyarsa ta ce tana son wasa a cikin katangar makarantarsu. Yarinya tana zaune daga aji zuwa ɗaki shekara shida, ba gudu ba tsalle, sannan mu yi mamakin hawan jini da ciwon suga tun ba a tsufa ba. Ba kowace za ta zama 'yar D'Tigress ba, ba a ma bukatar haka. Lafiyar jiki, da sanin aiki tare da 'yan'uwa, da abin da zai sa makaranta ta yi mata daɗi har ta ƙi barinta a aji uku, sun isa riba.

Shugabannin ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari, sakatarorin ilimi, shugabannin makarantun 'yan mata: ku zauna tun yanzu. Ku zaɓi makarantu shida, ku gyara fili ko biyu ne, ku je wurin hakimai da limamai da tsarin a hannu, ku buga jadawali mai kwanan wata kafin sanyi ya shigo. Ku kuma iyaye, a taron iyaye da malamai mai zuwa ku tashi ku tambayi shugabar makaranta ranar wasan farko.